Nur Jahan, jarumar da ta bar gaban kyamara ta riƙe finafinan Lahor da murya

Duk wanda ya taso da kallon fim ɗin Indiya a Kano ko Jos ko Maraɗi ya san Lata Mangeshkar, ko bai san fuskarta ba ai ya san siririyar muryar nan da ke fitowa daga bakin jarumai mata kala-kala. Amma ka ce wace ce Nur Jahan sai a tsaya ana kallonka, alhali ita Latar da kanta lokacin da take tasowa salon wannan matar take bi. Dalilin ba wani mai nisa ba ne, finafinan Bombai ne suka cika mana gidajen silima, na Lahor ta ƙasar Pakistan ba su iso mu ba sai ɗai-ɗai, shi ya sa matar da 'yan Pakistan ke kira Malika-e-Tarannum, sarauniyar zaƙin murya, ta wuce mu ba mu sani ba.

Sai an fara gane ita sana'ar kanta tukuna. Fim mai magana ya fara a Indiya a 1931, kuma a shekarun farkon nan duk wanda zai fito a fim dole ya iya waƙa da bakinsa saboda hoto da sauti a lokaci guda ake ɗauka, makaɗa suna laɓe a gefe inda kyamara ba za ta kama su ba, mai tabla da mai harmoniya da mai sarangi, makirfo guda an ɓoye shi a wani lungu, jaruma ba ta da halin yin juyi sosai kada muryarta ta yi nisa da shi. Mutum ɗaya ya yi kuskure a koma farko. A 1935 ne a kamfanin New Theatres na Kalkata aka fara dabarar a naɗi waƙa tun da wuri, in an zo ɗaukar hoto a kunna ta mai wasa ya riƙa bi da baki. Mu dai wannan ba baƙon abu ba ne a wajenmu, haka ake yi a Kannywood, yarinya na rausaya a allo amma muryar ta wata ce da ta shiga situdiyo ta rera ta kama gabanta.

Sai dai fa zuwan dabarar bai raba mawaƙi da jarumi nan take ba. An ɗauki sama da shekara 10 manyan taurari su ne masu waƙar kansu, irin su K. L. Saigal da Suraiya, su naɗa da muryarsu sannan su bi ta da bakinsu. Masu rerawa a madadin wasu kuwa ba a ɗauke su a bakin komai ba, har sunansu ba a cika sawa a jikin faifan garmaho ba. Ko waƙar da ta fito da Lata a fim ɗin Mahal na 1949, sunan da aka buga a faifan na yarinyar cikin labarin ne, Kamini, sai da mutane suka dami gidan rediyo da tambayar wai wace ce mai muryar nan. To a wancan zamanin ne Nur Jahan ta yi tashe, kuma a saman bene take, cikin masu fuska da murya duka.

An haife ta ranar 21 ga Satumba 1926 a garin Kasur da ke kudu da Lahor, lokacin Turawan Ingila na mulkin ƙasar, sunanta na yanka Allah Wasai. Gidansu gidan makaɗa ne, kuma a can ma kamar wurare da yawa, ana son kiɗa amma ana yi wa makaɗi kallon na ƙasa. Tun tana 'yar mitsitsiya aka sa ta koyon waƙar gargajiya ta raga a hannun malamai, irin koyon da ake shafe shekaru ana maimaita hawa da saukar murya kafin a bar ka ka rera baiti guda a gaban mutane. Wajen farkon shekarun 1930 iyalin suka tafi Kalkata da ita da yayyenta mata neman abinci a dandalin wasan kwaikwayo, a can aka laƙaba mata Baby Nur Jahan, ta fito a fim ɗin Punjabi tana 'yar shekara 9. Da ta dawo Lahor sai ta faɗa hannun Ghulam Haider, mai tsara kiɗa a kamfanin Dalsukh Pancholi, mutumin da ya shigo da bugun gangar dholak ta ƙauyukan Punjab cikin kiɗan fim, kuma wannan haɗuwar ita ta gina ta. A 1942 ta fito a matsayin cikakkiyar jaruma a Khandaan tare da Pran, eh shi dai Pran ɗin da muka sani da fitowa a mugu daga baya, a nan shi ne saurayin. Daraktan fim ɗin Shaukat Hussain Rizvi shi ta aura duk da 'yan uwanta ba su so ba, suka tattara suka koma Bombai.

Shekara biyar ɗin da ta yi a Bombai gajeru ne amma ta yi abin da wasu ba su yi a talatin ba. Anmol Ghadi na 1946 wanda Mehboob Khan ya ba da umarni Naushad ya tsara kiɗa, sai Jugnu na 1947 inda ta fito da wani saurayi da bai riga ya yi suna ba mai suna Dilip Kumar, ta kuma yi waƙa da wani matashi Mohammed Rafi wanda shi ma lokacin yake neman wurin tsayawa. Ka duba fa, su ne ƙanana ita ce babba. A wani fim na 1945 ma, Badi Maa, Lata ƙaramin rol aka ba ta a gefen Nur Jahan.

Sai 1947 ta zo, aka raba ƙasar ta zama Indiya da Pakistan, lardin Punjab ya tsage biyu, mutane miliyoyi suka yi hijira, dubban ɗaruruwa suka mutu a hanya. Musulmin da ke harkar fim a Bombai da yawa sun zauna abinsu, Dilip Kumar da Naushad da Rafi da Mehboob duk ba su motsa ba. Ita da mijinta suka zaɓi Pakistan. In ka auna da idon kasuwa wannan zaɓin kamar ganganci ne, domin Lahor ɗin da suka tarar masu kuɗin fim ɗinta akasari Hindu ne kuma sun tsallaka, Pancholi ya tafi, situdiyo wasu an ƙona wasu an kwashe kayansu. Su biyun suka karɓi wani tsohon situdiyo a kan titin Multan suka gyara suka sa masa Shahnoor, aka haɗa sunansa da nata. Sai 1951 ta sake fitowa a fim, Chan Wey, da harshen Punjabi, kuma ita aka rubuta a matsayin darakta, wanda ya sa ake lissafa ta mace ta farko da ta ba da umarnin fim a Pakistan.

A can Bombai kuwa gurbin da ta bari ne ya buɗe wa wasu hanya. Akwai furodusan da ya taɓa ƙin muryar Lata ya ce ta yi siriri da yawa, don kunnen mutane ya saba da murya mai kauri da cika irin ta Nur Jahan da Shamshad Begum da Zohrabai, kuma wanda ya tsaya wa Lata a lokacin shi ne dai Ghulam Haider ɗin nan. Masu son gardama har yau suna tambayar da Nur Jahan ta zauna a Indiya da Lata ta kai inda ta kai? Ni ina ganin tambayar ba ta da amfani sosai, don a 1947 ba sana'a ɗaya suke yi ba, ɗaya tauraruwa ce mai waƙa wa kanta kaɗai, ɗaya kuma tana ara wa kowa murya, fim nawa jaruma za ta iya fitowa a shekara, waƙa nawa mai rerawa za ta iya naɗa a wata?

Wannan lissafin ne ma ya sa nake ganin babban abin da ya faru a rayuwar aikinta shi ne ranar da ta daina fitowa a fim. A shekarun 1950 ta yi manyan finafinai a Lahor, Dupatta a 1952, Intezar a 1956, Koel a 1959, biyun ƙarshen nan da kiɗan Khwaja Khurshid Anwar. Aurenta da Rizvi ya mutu, rabuwar ba ta yi daɗi ba kuma situdiyon ya zauna a hannunsa. A 1959 ta auri jarumi Ejaz Durrani wanda ta girme shi da kusan shekara 9, kuma abin da aka fi faɗa shi ne bai so ta ci gaba da fitowa a allo ba. Fim ɗinta na ƙarshe a matsayin jaruma shi ne Ghalib a 1961, tana da shekara 35 a duniya. A idon mutanen lokacin an rage mata matsayi kenan, daga mai fuska a fosta zuwa mai tsayuwa a gaban makirfo a ɗakin da ba mai gani.

Amma jaruma mace a irin waɗannan masana'antu kwananta ƙidayayye ne, da ta haura talatin da biyar sai a fara miƙo mata rol ɗin uwa ko yayar miji. Murya kuwa in an kula da ita ba ruwanta da wannan. Daga 1961 har 1996, shekara 35 cur, jarumai mata suna zuwa suna wucewa, Sabiha Khanum, Shamim Ara, Zeba, Firdous, Rani, Asiya, Anjuman har zuwa Saima, fuska na canzawa muryar tana nan. Ƙarfin ya koma hannunta ta wata hanyar da jaruma ba ta da shi, domin a kasuwar fim ɗin Punjabi masu rarraba fim kan tambayi waƙoƙin Madam nawa ne a ciki kafin su saki kuɗi. Madam kawai ake ce mata a Lahor, ba sai an ƙara suna ba.

Kuma ba ƙaramin aiki ba ne yadda ake naɗar waƙa a lokacin. Babu kwamfutar da za ta gyara maka murya, babu a yanka nan a liƙa can. Makaɗa gomomi a ɗaki guda, masu goge a jere, masu tabla da dholak, mai sarewa, kowa ya yi atisaye, sannan a ɗauka gaba ɗaya tiryan-tiryan. Mai rerawa kuma dole ta san wace jaruma ce za ta bi waƙar da baki, a wane hali take a labarin, kuka take ko kwarkwasa, a gona take ko a fadar sarki. A nan Nur Jahan ta fi sauran, don ita ta yi shekara 25 tana gaban kyamara, ta san inda jaruma za ta ja numfashi, inda za ta kashe ido, inda za ta juya baya, sai ta sa duk wannan a cikin muryar tun kafin a ɗauki hoton. Muryarta a buɗe take, daga ƙirji take fitowa, tana hawa sama can ba tare da ta sirance ba, kuma tana furta kowane harafi ka ji shi raɗau.

Yanzu maganar harsuna biyun, wanda nan ne abin ya fi ɗaurewa wanda ba ɗan can ba kai. Urdu shi ne harshen ƙasa a Pakistan, na makaranta da rediyo da adabi, amma waɗanda suka tashi da shi a matsayin harshen uwa ba su kai kashi 10 cikin 100 ba. Punjabi shi ne ya fi kowane yawan masu magana, wajen mutum 4 cikin 10, sai dai ba a cika koyar da yara da shi a makaranta ba, ɗan boko a Lahor zai yi Punjabi da direbansa ya juya ya yi Urdu ko Turanci da 'ya'yansa. Haka fim ma ya rabu. Na Urdu na masu ilimi ne da iyalai, soyayyar birni, gazal (wato waƙen baitocin soyayya da bege), kalmomi masu nauyi da aka aro daga Farisanci da Larabci. Na Punjabi na ƙauye ne da leburori da direbobin manyan motoci, ga dholak ga rawar bhangra ga magana ɓaro-ɓaro. Mawaƙa da yawa sukan fi ƙarfi a ɓangare guda. Ita kam duka biyun gidanta ne.

A ɓangaren Urdu, misalin da kowa ke kawowa shi ne waƙen Faiz Ahmed Faiz da ta rera, wanda aka sa a fim ɗin Qaidi na 1962 da kiɗan Rashid Attre. Faiz babban marubucin waƙoƙi ne mai ra'ayin gurguzu da ya yi zaman kurkuku daga 1951 zuwa 1955, kuma waƙen nasa yana farawa kamar na soyayya sai ya karkata ga talauci da zaluncin da ke cikin duniya. Ta ɗauki abin da 'yan jami'a ke karantawa ta kai shi kunnen mai shayi. A ɓangaren Punjabi kuwa akwai Heer Ranjha na 1970, tsohon labarin soyayyar Punjab wanda Waris Shah ya rubuta a waƙe a ƙarni na 18, mijinta Ejaz ne jarumin, Firdous ce jarumar, Khurshid Anwar ya yi kiɗa, ita ta rera. Ba a jima ba bayan fim ɗin wannan auren ma ya ƙare.

Abin da ya ɗaga ta daga mawaƙiyar fim ya mai da ita wata aba ta ƙasa shi ne yaƙin Satumba 1965 tsakanin Indiya da Pakistan, wanda aka yi kwana 17 ana gwabzawa kuma Lahor na bakin iyaka, ana jin ƙarar igwa daga cikin gari. Ta riƙa zuwa gidan Rediyon Pakistan na Lahor tana naɗar waƙoƙin ƙarfafa sojoji, marubuta irin su Sufi Tabassum da Jamiluddin Aali suna rubutawa ana sa kiɗa ana watsawa da zafi-zafinsu. Wadda ta fi shiga zuciyar mutane da Punjabi take, kuma ba kirarin yaƙi ba ce, muryar uwa ce da ke cewa 'ya'ya maza ba a kanti ake sayo su ba. Gwamnati ta ba ta lambar yabo, kuma har yau duk 6 ga Satumba sai an kunna waɗannan waƙoƙin.

Yaƙin nan ya yi wani tasirin na kasuwa da ba a cika haɗa shi da labarinta ba. Bayansa aka hana nuna finafinan Indiya a silimun Pakistan gaba ɗaya, haramcin da ya kai wajen shekara 40. Ma'ana Lahor ta samu kasuwa ita kaɗai ba kishiya, ana fitar da fim sama da 100 a wasu shekarun, kowanne da waƙa shida bakwai ko fiye. Akwai wasu mata masu rerawa ƙwararru, Naseem Begum, Mala, Runa Laila, daga baya Naheed Akhtar da Mehnaz, kuma a finafinan Urdu na 'yan birni sun samu wuri sosai musamman waƙoƙin zamani masu sauri da ake haɗa su da mawaƙi Ahmed Rushdi. Amma Punjabi kam ba a ja da Madam.

Daga nan abubuwa suka fara lalacewa masana'antar. A 1971 Gabashin Pakistan ta ɓalle ta zama Bangladesh, kasuwar Dhaka ta tafi da finafinan Urdu ke dogaro da ita, Runa Laila ma ta koma can a 1974. A 1977 Janar Ziya'ul Haƙ ya yi juyin mulki, aka tsaurara tace finafinai, ga haraji, sannan bidiyo ya shigo gidaje mutane suka koma kallon kaset ɗin Indiya na sumoga a falonsu. Iyalai suka daina zuwa silima, aka bar ta ga maza zalla. Fim ɗin da ya dace da waɗannan 'yan kallo shi ne irin Maula Jatt na 1979, Sultan Rahi riƙe da gandasa, wani gatari mai doguwar ƙota, ana ihu ana ɗaukar fansa ana zubar da jini, a tsakani kuma jaruma ta fito ta yi rawa a gonar rake ko cikin ruwan sama. Abin mamaki a ce zamanin da aka fi wa'azin tsabtace fim shi ne ya haifi wannan.

Wa ke rera waƙoƙin rawar? Nur Jahan, tana da shekara 55 zuwa 60 da ɗoriya, tana sa murya a bakin Anjuman wadda ta yi 'ya da ita, da kiɗan su Wajahat Attre ɗan Rashid Attre ɗin can, wato ta yi aiki da uba ta dawo ta yi da ɗa. A nan ne aka fi sukarta. Masu son gazal ɗinta suka ce ta zubar da girmanta, matar da ta rera Faiz ta koma rera baitoci masu harshen damo don 'yan tasha. Gaskiya wasu waƙoƙin ba abin da za ka kunna a gaban surukai ba ne, kuma yawan aikin ya sa da yawa sun yi kama da juna. Sai dai ni ban yarda da masu son a yanke wannan zangon daga tarihinta ba, kamar wai Nur Jahan ta gaskiya ita ce ta Urdu, ta Punjabi kuma kuskure ce. Yarinyar Kasur ce fa, da Punjabi ta fara tun tana shekara 9, kuma waɗannan waƙoƙin su suka riƙe situdiyoyin Lahor da makaɗansu da masu rawarsu a shekarun da fim ɗin Urdu ya kusa mutuwa. A cikin sukar akwai ƙyamar da ɗan birni ke yi wa harshen ƙauyensu, ko an faɗa ko ba a faɗa ba.

Sukar da ta fi nauyi a wajena ita ce ta danniya. An daɗe ana zarginta da cewa ba ta son ganin wata ta taso kusa da ita, cewa mai tsara kiɗan da ya ba wata yarinya waƙa yana iya rasa Madam a fim ɗinsa na gaba, kuma an san ta da kaifin harshe. Irin wannan zargin an yi wa Lata ma a Bombai. Ko ma yaya ne, tsarin da kansa yana haifar da haka, in masu kuɗi sun yarda murya guda ce ke sayar da fim ba wanda zai yi kasadar gwada sabuwa.

A Fabrairun 1982 ta koma Bombai karo na farko bayan shekara 35, don bikin cikar fim mai magana shekara 50 a Indiya, Dilip Kumar ne ya gabatar da ita a dandali, ta rera tsohuwar waƙarta ta Anmol Ghadi Naushad na jagorantar makaɗa, ta kuma gana da Indira Gandhi a Delhi. A gida kuma gidan talabijin na PTV ya yi mata shiri mai suna Tarannum, inda 'yan baya suka san kamanninta na ƙarshe, sari na siliki, kwalliya mai yawa, da ɗan ƙyalle ɗaure a wuya.

Ciwon zuciya ya kama ta, aka yi mata tiyata a Amurka a 1986, ta dawo ta ci gaba da aiki wajen shekara 10. A Janairun 1996 'yan bindiga suka kashe Sultan Rahi a kan hanya kusa da Gujranwala, a shekarar ce kuma ta naɗi waƙarta ta fim ta ƙarshe, wato ginshiƙai biyu na fim ɗin Punjabi suka fita a shekara guda. Ta rasu a Karachi ranar 23 ga Disamba 2000, cikin goman ƙarshe na azumi, aka binne ta a can. Waɗanda suka gaje ta a waƙar fim ɗin Punjabi, irin su Naseebo Lal, an ɗauke su ne tun farko saboda muryarsu na kama da tata, furodusoshi ba su nemi wani sabon salo ba, kuma zuwa tsakiyar shekarun 2000 yawancin silimun Lahor an rushe su an gina kantuna, sabbin finafinan Pakistan kuma aka koma yin su a Karachi.